Fansho: a bar kuɗin wurin PFA ko a kai inshora?

Duk wanda ritayarsa ta ƙarato sai ya tare ni da tambayar nan, takardar asusunsa a hannu. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta yarda da hanyoyin biyu.

Wurin PFA, wato kamfanin da ke kula da asusun fanshonka, kuɗin suna nan da sunanka, ana ci gaba da juya su, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. In riba ta yi kyau, akan ƙara maka abin da kake karɓa duk wata. Ranar da ka rasu, ragowar ta magada ce. Sai dai rumbu ne, yana iya ƙarewa in Allah ya ja kwana.

Kamfanin inshora kuwa, ƙarƙashin hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, biya yake har ƙarshen rai. Amma in ka rasu bayan shekara 10 da fara biyanka, magada ba su da komai. Kuma wanda ya shiga ba ya komawa PFA. Wannan ya fi damuna, domin kuɗin yawanci ba sa motsi, farashin masara kuwa ba ya jiran kowa.

Mai ƙananan yara, ko mai gidan haya da ke kawo masa wani abu, PFA ta fi masa. Wanda ba shi da tudun dafawa sai fanshon nan, inshora za ta fi kwantar masa da hankali.