Jakar naɗewa ko mai ratayewa a bango: wacce za ki ɗinka wa kayan aikinki?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwarmu da ta fara koyon ɗinkin bargon haɗe-haɗen ƙyallaye ta yi tambaya jiya. Kayan aikinta sun warwatsu, almakashi a kan gado, alli a gwangwanin madara, tana so ta ɗinka musu ma'aji da hannunta. Shin ta yi wadda ake naɗewa kamar tabarma, ko mai aljihuna da ake ratayewa a bango? Ta ce ɗaki ɗaya gare ta, tana da yaro mai rarrafe, kuma sau biyu a mako take fita wajen koyo.

'Yar'uwa, duka biyun na ɗinka, kuma har yau ina aiki da su.

Ta naɗewa ba ta cin yadi. Ƙyalle biyu masu inci 18 da 12, ki sa gam, wato yadin da ake mannawa don ƙara ƙarfi, ko siririn soso a tsakani, sai na uku da za ki ninka biyu ya zama jerin aljihu mai zurfin inci 6. Ragowar atamfa ta isa, kuma kafin la'asar kin gama in kin fara da hantsi. Abin da bai kamata ki manta ba shi ne marfi a sama, wanda zai lulluɓe kan kayan kafin ki naɗe. In babu shi, ranar da jakar ta kife a cikin Keke Napep komai zai zubo.

Ta bango kuwa aiki ne sosai. Tawa inci 24 ce a faɗi, 36 a tsawo, kuma atamfa ita kaɗai ba ta iya ɗaukar nauyin. Sai kanbas ko tsohon wandon jins, da sanda a zura a sama don kada ta lanƙwashe. Kekenki zai so allura lamba 16 ko 18, kuma kowane bakin aljihu sai kin maimaita ɗinki sau uku ko huɗu, domin a nan take fara yagewa. Amfaninta dai ba a musu: kina zaune a kan keke, kin ɗaga ido kin ga komai, kin miƙa hannu kin ɗauka.

To amma ni inda hankalina ya tsaya shi ne yaron nan. Wuƙar yankan yadi mai zagaye, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fara fitarwa a 1979, kaifinta na reza ne. Mai milimita 45 da yawancinmu muke riƙewa tana yanka yadi ninki huɗu ba gardama, balle yatsan jariri. Jakar bango a buɗe take, kuma mai rarrafe yau gobe shi ne mai hawa kujera. Ta naɗewa kin ɗaure igiyarta kin jefa a saman sif, kin huta da fargaba. Wannan kaɗai ya isa ya raba gardama a wurina.

Sai yanayi. Da hunturu aljihun bango yakan cika da ƙura, zare fari ya koma ruwan ƙasa. Da damina kuma in bangon yana jan danshi, fil da almakashi su yi tsatsa, ita ma tsatsar ta ɓata miki yadi. Na taɓa yin aljihun da farar leda mai kauri don in riƙa ganin abin da ke ciki, zafin bazara ya sa ta yi danƙo ta manne da tef ɗina na awo. Ban sake ba.

Inda ta naɗewa ta gaza shi ne rula. Doguwar rular roba ta masu wannan ɗinki, inci 6 da 24, ba ta naɗuwa, kuma in ta faɗi kusurwarta ta ɓantare, kwatan incin da ake bari na ɗinki ya fara kauce miki, ƙyallayen su ƙi haɗuwa baki da baki. Allon yanka kuwa ba wadda za ta ɗauke shi a cikinsu. A kwance ake ajiye shi, nesa da rana, don in ya kumbura da wuya ya koma daidai. Nawa ƙarƙashin gado yake kwana.

Saboda haka ki fara da ta naɗewa. Rular ki yi mata doguwar riga ita kaɗai, faɗin inci 7, da maɗauki a ka, ki rataya a ƙusa can sama. Ta bango ta jira har Allah Ya ba ki shago ko yaron ya yi wayo.

Kafin ki raba aljihunan, ki jera kayan a kan ƙyallen, ki zana da alli, ki ƙara rabin inci a kowane gefe. Ni daidai wa daida na auna a karon farko, hannun wuƙar ya ƙi shiga, sai da na farke layi uku na sake. In kin gama ki turo mana hoto mu gani.