Manhajar iNaturalist wajen gane faɗa-wutar busassun ganye

iNaturalist, manhajar da ke hasashen sunan halitta daga hotonta, kyauta ce. A kan faɗa-wuta 'yan dangin Herminiinae, waɗanda tsutsotsinsu ke cin ganyen da ya zube ƙasa, takan kai mutum ƙofar gida, amma ba kullum take shigar da shi ciki ba.

Komai ya rataya ne a kan hoto. A baza farin ƙyalle da dare, a haska masa fitila, a ɗauki hoto biyu: ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, don a ga dogayen gaɓoɓin bakinsu masu lanƙwasa sama. A ajiye rula kusa, domin da yawansu faɗin fukafukansu milimita 20 zuwa 30 ne kawai. Filashi yana wanke layukan fukafuki, sai a rufe shi da farar takarda.

A Amurka ta Arewa manhajar tana gane wani nau'insu mai suna Idia americalis cikin sauƙi. Nau'o'in da ke cikin rukunin Zanclognatha kuwa sai a hankali: kalarsu ƙasa-ƙasa ce, kusan iri ɗaya, kuma wadda ƙurar fukafukinta ta goge ta fi rikitarwa. A nan gara a tsaya a sunan Zanclognatha, masana su ƙarasa gano ainihin nau'in. Hotunan Afirka ta Yamma ba su da yawa a rumbunta, shi ya sa hasashenta a yankinmu ke buƙatar tantancewa.