Sayen gida a kwazazzaban gaɓar tekun Kalifoniya: gindi, tudu ko baki?

Duk wanda dillali ya zagaya da shi Topanga ko Malibu a yammacin Los Anjelis, ko Big Sur da duwatsun Santa Cruz can arewa, ya san yadda wuraren nan suke sace zuciya. Ga itatuwa, ga rafi, ga teku a hange, birni kuma ba nisa. Sai dai gida uku na iya zama a kwazazzabo ɗaya, farashinsu kusan guda, amma haɗarinsu ya sha bamban. Akwai na gindin kwazazzabo kusa da rafi, akwai na kan tudu, akwai kuma na baki, inda kwazazzabon ya buɗe ya fuskanci teku. Kafin ka biya kafin alƙalami, auna su da abu uku: wuta, ruwa da iska.

Wuta ce gaba, domin ita ke raba mutum da gida a dare ɗaya. Daga kaka zuwa tsakiyar sanyi akwai iskar da ake kira Santa Ana, busasshiya, mai tasowa daga hamadar arewa maso gabas, kamar dai iskar hunturunmu, illa ita tana gangarowa daga duwatsu ta matse cikin kwazazzabo ta ƙara gudu. Ita ta kora gobarar Woolsey a Nuwamban 2018 har bakin teku a Malibu, ta cinye eka kusan 97,000 da gine-gine sama da 1,600. Ita ce kuma ta hura gobarar Palisades ranar 7 ga Janairun 2025, wadda ta kashe mutum 12 ta lashe gine-gine sama da 6,800.

Gidan tudu ya fi kowanne kyan kallo, kuma shi wuta ta fi so. Wuta na hawa gangare da sauri fiye da yadda take sauka, domin zafinta yana riga ta isa ga ciyawar da ke sama ya busar da ita. Gidan da aka gina a saman wani siririn kwari, zafi da hayaƙi da tartsatsi duk ta nan za su bi su same shi. Gidan gindi yana da danshi da inuwa, amma masifarsa takan zo bayan wutar ta mutu. Ƙasar da ta ƙone ba ta shan ruwa. A garin Montecito, kusa da Santa Barbara, gobarar Thomas ta ƙone duwatsu a Disambar 2017, ruwan sama ya sauka ranar 9 ga Janairun 2018, laka da manyan duwatsu suka biyo hanyar rafi suka kashe mutum 23, da yawansu suna barci. Gidan baki ma yana ƙonewa, Malibu ta shaida, amma yana kusa da babban titi da motocin kashe gobara.

Ni a wurina hanya ta fi komai nauyi. Ka tuƙa motarka da kanka daga ƙofar gidan zuwa babban titi, ka duba ko akwai mafita ta biyu, ko motoci biyu za su iya wuce juna, ko gadar da ke kan rafin za ta ɗauki motar kwana-kwana. A kwazazzabon Palo Colorado na Big Sur hanya ɗaya ce siririya, kuma a yankin ne gobarar Soberanes ta 2016 ta cinye gidaje 57. Titin Topanga kansa zaftarewar ƙasa ta rufe shi kusan wata uku a 2024. Gidan da mafitarsa ɗaya ce, ko da arha, ban ba ka shawarar saye ba, musamman in akwai tsofaffi ko yara a gidan.

Sai ginin kansa. Yawancin gidajen da ke ƙonewa tartsatsin da iska ke ɗaukowa ne ke kunna su, ya faɗa kan rufi ko ya shiga ta kafar shan iska. Gidan da aka gina daga 2008 zuwa yau a yankin haɗari ya bi dokar gini ta jihar mai tilasta rufi da bango masu jure wuta. Tsohon gidan katako kuwa, sai ka lissafa kuɗin canza rufi da sa raga mai ƙananan ido a kafofin iska. Doka ta kuma wajabta share ciyawa da rage itace har ƙafa 100 kewaye da gida, aikin da ake maimaitawa kowace shekara, kuma a kan gangare ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Kada ka sa hannu sai ka ga farashin inshora a rubuce. A Mayun 2023 kamfanin inshora na State Farm ya daina karɓar sababbin gidaje a Kalifoniya, kuma masu gidaje da yawa a kwazazzabai sun koma FAIR Plan, tsarin da aka kafa a 1968 don waɗanda kamfanoni suka ƙi. Yana da tsada, abin da yake biya kuma taƙaitacce ne, sai an haɗa shi da wata inshorar. Banki ba ya ba da bashin gida babu inshora, don haka ciniki yakan watse a nan.

Batun ruwa zaɓi biyu ne, famfon hukuma ko rijiyar burtsatse ta gida. Yawancin Malibu da Topanga famfo suke sha, daga hukumar ruwa ta gundumar Los Anjelis, ana gwada shi bisa doka. Rijiyar gida kuwa dokar ruwan sha ta tarayya ba ta shafe ta ba, gwajinta na wuyanka. A gindin kwazazzabo rijiya ba ta da zurfi, ruwa na samuwa, amma ramukan masai na maƙwabta duk a ƙasa ɗaya suke tsiyaya, shi ya sa ake samun ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret, wanda iyakarsa miligiram 10 ne a lita. Matsalar ta kai har hukumar kula da ruwa ta yankin ta hana ramin masai a tsakiyar Malibu a 2009. A tudu rijiya na da zurfi da tsada, tana iya ja baya a shekarar fari. A baki, gishirin teku kan kutsa cikinta. Ka nemi gwajin ɗakin bincike mai lasisi, da gwajin yawan ruwan da rijiyar ke bayarwa, a yi shi a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya fi ƙasa.

Sakamakon gwajin ne zai gaya maka matatar da za ka saya. Fitilar UV, mai haska ruwa da hasken da ido ba ya gani, tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta taɓa sinadari. Naitiret da gubar arsenik sai irin matatar RO, mai tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata. Tafasa ruwa ba ya cire naitiret, ƙara masa kauri yake yi. Famfon hukuma ma yana da nasa rauni: bayan gobarar CZU ta Agustan 2020 a duwatsun Santa Cruz, bututun roba sun narke, aka sami sinadarin benzin (benzene) mai guba a ruwan wasu unguwanni, aka hana sha. Kuma ka tuna kamfanonin lantarki, Southern California Edison da PG&E, suna ɗauke wuta da gangan ranar da iska ta yi ƙarfi. Injin rijiya ya tsaya ke nan a ranar da ka fi buƙatarsa, sai in kana da janareto da babban tanki.

Iska ce mutane suka fi yaudaruwa da ita, suna ganin kusa da teku dole ta yi tsabta. A baki haka ne galibi, illa gishiri da ke cin ƙarfe. Tudu na samun iska mai kyau, yakan ma zauna sama da hazo. Gindi ne matsala: da dare iska mai sanyi na gangarowa ta kwanta, ta danne hayaƙin itacen da maƙwabta ke ƙonawa don ɗumama ɗaki, danshi kuma ya haifi fumfuna a bango. Mai asma ya je ya kwana a unguwar cikin sanyi kafin ya yanke shawara, ya kuma duba tarihin na'urorin auna tsabtar iska na PurpleAir da ke kusa. Hayaƙin gobara kuwa ba ya barin kowa a cikin ukun. Maganinsa matatar iska ta HEPA, mai kama ƙananan ƙwayoyin hayaƙi, daidai girman ɗaki, da matata mai lambar ƙarfin tacewa MERV 13 a na'urar ɗumama gida, kuma a guji masu fitar da iskar ozon.

In ni ne mai saye, na baki zan ɗauka, ko wanda ke kan shimfiɗaɗɗen fili sama da hanyar rafi, mai famfon hukuma da mafita biyu, ginin bayan 2008. Na tudu sai mai ƙarfin biyan inshora da tanki da masu shara duk shekara. Na gindi kuwa, ka fara duba taswirar haɗarin gobara ta Cal Fire, hukumar kashe gobara ta jihar, da taswirar ambaliya, sannan ka tambayi maƙwabcin da ya fi daɗewa a layin inda laka ta tsaya a damina mafi muni da ya gani.