Jinin Kawu ya kai 200, likitoci suka ƙi saukar da shi

Daga Jidda nake rubuto muku, kuma abin da ya sami Kawu a watan jiya ne ya hana ni yin shiru.

Da asuba na je tashinsa salla, na tarar bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, magana ba ta fita. Na buga 997, lambar motar asibiti, ban gama sa masa riga ba sai ga su a ƙofa. Ba wanda ya ce in kawo kuɗin mai ko in sayo safar hannu. Tambaya ɗaya suka dame ni da ita: yaushe rabonka da ganinsa lafiya lau? Na ce ƙarfe 9 na dare.

Muna isa aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa na CT, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, jijiya ba ta fashe ba, gudan jini ne ya toshe ta. Allurar da ke narkar da gudan kuwa cikin awa 4 da rabi ake yin ta, mu lokaci ya riga ya wuce mu yana barci.

Na'urar da ke kansa tana nuna hawan jininsa 200 bisa 110. Nas ta zo ta duba, ta rubuta, ta wuce. Ta sake dawowa, haka. Ko ƙwaya ɗaya ba a ba shi ba. Wallahi zuciyata ta raya mini don mu Takari ne aka yi banza da shi, na ɗaga murya da guntun Larabcina har mai gadi ya leƙo. Sai ga wani likita Basudane, ya dafa kafaɗata, ya ce da Hausa, "Ɗan'uwa, zauna in gaya maka." Ashe jikan mutanen Mai Wurno ne, garin Hausawa da Fulani a Sudan.

Ya tambaye ni ko na san noman rani. Ya ce idan babbar hanyar ruwa ta toshe, shukar da ke bayanta ta ƙananan hanyoyi take samun ɗan abin sha, shi ma sai injin yana turowa da ƙarfi. Ka rage ƙarfin injin, ta bushe. Haka ƙwaƙwalwar da ke kewaye da toshewar take: ba ta mutu ba tukuna, hawan jinin nan ne ke kai mata abinci. Don haka wanda ba a yi wa allurar ba, ba sa taɓa jininsa a farko sai ya haura 220 bisa 120, ko kuma zuciya ko ƙoda ta shiga haɗari. Ko ya haura ma, kashi 15 cikin 100 suke ragewa a awa 24 na farko, ta jijiya, a hankali. Wanda za a yi wa allurar shi ne ake saukar wa ƙasa da 185 bisa 110, don gudun zubar jini a ka.

Kunya ta rufe ni, sannan hawaye, don Baba ne ya faɗo mini. Ranar da ya faɗi a zaure, mai kemis aka fara kira. Ya gwada, ya ce jini ya hau, ya sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, muna ta murna lamba ta sauko. Kafin magariba ƙafar da take motsi da safe ta daina. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, amma har yaushe za mu riƙa miƙa mai shanyewar ɓarin jiki ga wanda ba shi da hoton da zai bambance toshewa da fashewa? Ga ɗura rubutu da ruwan tafarnuwa a bakin da ba ya iya haɗiya. A nan kunun gyaɗar da na dama wa Kawu hana ni ba shi suka yi, sai da aka gwada haɗiyarsa da cokalin ruwa, don kada ya sarƙe abin ya gangara huhu. Addu'a ba wanda ya hana ni, a kunnensa nake yi.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Takardar amincewar inshora kan gashin ƙashi sai da na yi ta sintiri a kanta, kuma wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, tsoron asibiti yake yi, ya kwanta a ɗaki har lokaci ya ƙwace. Lokacin ziyara na cika, a kore ka. Na tuna asibitin gida, dangi sun shimfiɗa tabarma a baranda, kuloli jere, kowa na "ya mai jiki?" Kawu shi kaɗai yake kwana da ƙarar na'ura.

A rana ta 3 suka mayar da shi kan maganin hawan jini, suka ce nan gaba ƙasa da 130 bisa 80 ake nema, gishiri da dunƙulen miya a rage. Yanzu yana riƙe carbi da hannun daman, ko da yake yakan suɓuce. Na ba wani mai dawowa daga Umara na'urar gwajin jini ya kai wa Hajiya, da takarda a ciki: in bakin wani ya karkace, a duba agogo, a nufi babban asibiti, kada a sa masa komai a baki.