Na kai 'yata a cire mata haƙori, likita ta ƙi

Sati guda 'yata ta yi, da ta kurɓi ruwan randa sai ta dafe kunci tana kuka. Shekararta bakwai, tana aji biyu na firamare. Kakarta ta ce a ƙyale ta, ai famfara za ta yi, a dai danna mata kanumfari a kogon. Mun danna har mun gaji. Ranar Talata na ce ta ajiye jakar makaranta, muka tari keke daga Tudun Wada zuwa sashen haƙori na wani asibitin gwamnati. Abin da ya kai ni kawai a cire mu huta.

Likitar mace ce. Ta leƙa da ɗan madubinta, ta ɗago ta ce, "Hajiya, wannan fa ba haƙorin nono ba ne. In na cire shi, wani ba zai fito ba." Na ce yaya, yarinyar da ko na gaba ba ta gama zubarwa ba? Sai ta kira ni na leƙa da idona. Ashe haƙoran nono 20 ne kacal, kuma wajen shekara shida akwai turmin da ke tsirowa can bayansu, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Yana cikin 32 ɗin da mutum zai tsufa da su. 'Ya'ya huɗu na haifa, wallahi ban taɓa jin haka ba. Ta yi ta lallashinta, "'yata, buɗe baki, hamma kawai za ki yi," ta wanke kogon ta sa ciko na wucin gadi. Ta ce mu nemi man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori, a riƙa sa kamar ƙwayar wake, safe da kafin barci, a tofar kar a kuskure baki da ruwa. Gullisuwar bakin get ɗin makaranta kuma a rage. Da daddare yarinya ta ci tuwonta tas. Allah ya saka mata da alheri.

Amma fa kar a ce ban faɗa ba. Bakwai da rabi na yanki kati, sai bayan azahar aka kira mu. Likita ɗaya ce rak, da mataimakiya ɗaya, ita ce kiran suna, ita ce wanke kayan aiki. Kujera biyu ce a ɗakin, ɗaya an lulluɓe ta da leda. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka zauna zaman jiran janareta. Yara shida na ƙirga a kan benci da yunifom, duk darasin ranar ya wuce su. Wani dattijo ya taso tun daga Giwa da jikansa, aka ce ya dawo gobe. Shirun da ya yi har yanzu yana ci mini rai.

Ciko na dindindin kuwa sai nan da sati uku, kuma ranar ta faɗo a satin jarrabawa. Ni abin da ke ɗaure mini kai, masu allurar shan inna har cikin gida suke bin mu, amma ba a taɓa tura wanda zai leƙa bakin yara a makarantarsu ba, ko sau ɗaya a zango. Da an gani da wuri, da kogon bai kai haka ba.

Ƙanenta zai cika shida bayan Sallah. Jiya na haska bakinsa da fitilar waya, na ga dasashin baya ya fara tudu.