Minti biyu cikin kaset guda: abin da na samu a rumbun muryoyin 'yan gwagwarmaya

Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a cikin garin Bauchi, kuma abin da ya kai ni ga wannan rumbu na intanet shi ne darasin da nake shiryawa a kan zanga-zangar ɗalibai ta watan Afrilun 1978, wadda aka fi sani da "Ali Must Go". Rumbun yana Amurka, kuma abin da ke cikinsa tsofaffin shirye-shiryen gidajen rediyon al'umma ne, da jawaban taruka, da muryoyin da aka naɗa a wuraren zanga-zanga, galibi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1990, tare da wasu jaridun masu ra'ayin sauyi. Na daɗe ina son ɗalibaina su ji tarihin nan da kunnensu, domin yaran da suka ga zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 a waya ba sa gamsuwa da abin da malami ya rubuta a allo kawai.

Bincike a cikinsa kyauta ne, kuma shafin ba ya cin data sosai. A daren farko na shagala har ƙarfe ɗaya ina sauraron abubuwan da ba su ne suka kawo ni ba: rahotanni kan boren kurkukun Atika na jihar New York a watan Satumban 1971, wanda ya ci rayuka 43, da muryoyin mutanen Chile bayan juyin mulkin da ya kifar da Salvador Allende a 1973, da wani shiri na juyayin kisan Amilcar Cabral, jagoran gwagwarmayar 'yancin Guinea-Bissau, a Konakiri a watan Janairun shekarar. A wannan daren na gaya wa maiɗakina cewa na yi tsintuwa. Sai da na koma kan abin da ya shafe mu sannan murnata ta fara raguwa. Na rubuta sunan Sa'adu Zungur, ban samu komai ba, kuma ban yi mamaki ba, tun da ya rasu a 1958, kafin zamanin da rumbun ya fi mayar da hankali a kai. Na rubuta NEPU, sai akwatin binciken ya tambaye ni ko Nepal nake nufi. Malam Aminu Kano ma, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi kafin ya shiga siyasa gadan-gadan, ya kuma jagoranci PRP daga 1978 har rasuwarsa a 1983, babu ko alamarsa.

Daga nan ne na ci karo da abin da ya jawo wannan sharhi. A cikin jerin sunayen kaset-kaset na ga wani da aka rubuta masa bayani na layi biyu, cewa labaran mako ne na farkon watan Mayun 1978, kuma kalmar farko a cikin batutuwansa ita ce ɗaliban Najeriya. Ba a riga an juya shi zuwa na'ura ba, don haka sai mutum ya aika da buƙata ta imel, ya biya kuɗin aikin da dala, sannan a turo masa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin biyan kuɗi a ƙetare da katin naira ya san abin da na sha. Sai da na bi ta hannun wani abokina da ke da asusun dala, na tura masa kwatankwacin kuɗin, wanda a albashin malamin makaranta ba ƙaramin abu ba ne. Kafin in biya na tambaye su a rubuce ko za su iya gaya mini tsawon ɓangaren da ya shafi Najeriya. Amsar da ta zo cikin ladabi take, amma ba ta taɓa tambayar ba, ta dai maimaita mini bayanin nan na layi biyu. Laifina ne da na ɗauki shirun a matsayin tabbaci. An ce mini mako biyu, sai da na yi mako bakwai, lokacin darasin ya wuce, jarrabawar zango ta ƙarato.

Ranar da saƙon ya iso ban buɗe shi ni kaɗai ba. Na ɗauki kwamfutata bayan sallar La'asar na tafi Gwallaga wurin Baffana, ƙanin mahaifina, wanda yake ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, lokacin da abin ya faru. Shi ne ya fara ba ni labarin tun ina yaro: yadda ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya tayar da jami'o'i, yadda ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ƙarƙashin Segun Okeowo ta ce sai Kanar Ahmadu Ali ya sauka daga kujerar kwamishinan ilimi na tarayya, yadda labarin harbe Akintunde Ojo a Jami'ar Legas ya iso Zariya, da yadda su ma aka harbe musu 'yan uwa kafin gwamnatin Obasanjo ta rufe jami'o'i ta haramta ƙungiyar. Muka zauna a zaure a kan tabarma, ya sa aka kashe fanka saboda ƙararta, ya jawo kwamfutar kusa da kunnensa na dama, wanda shi ne mai ji sosai.

Kaset ɗin minti 46 ne. Najeriya ta zo a minti na uku, ta ƙare kafin minti na biyar. Wata mai karanta labarai ce ta karanto gajeren rahoto, ta ambaci Legas, ta ambaci Zariya da lafazin da sai da na mayar da shi baya kafin mu gane garin da take nufi, sannan ta wuce. Babu muryar ɗalibi ko ɗaya, babu hayaniyar taro, babu komai daga wurin da abin ya faru. Baffa ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "Shi ke nan, ɗana? Wannan ka saya?" Na rasa amsar da zan ba shi, na kai hannu zan rufe, sai ya ce in bar shi ya ci gaba, tun da an riga an biya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa har yanzu na kasa yanke wa rumbun hukunci guda. Sauran kaset ɗin kusan duk a kan kudancin Afirka yake: rahoto kan harin da sojojin Afirka ta Kudu suka kai Kasinga a Angola ranar 4 ga Mayu, sai kuma dogon naɗi daga wata jami'ar Amurka inda ɗalibai ke neman a janye jarin makarantarsu daga kamfanonin da ke hulɗa da gwamnatin wariyar launin fata, ana ta kiran sunan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar Afirka ta Kudu wanda ya mutu a hannun 'yan sanda a watan Satumban 1977. A nan akwai duk abin da na nema ban samu ba a ɓangarenmu. Ana jin lasifikar hannu tana shaƙewa, ana jin takun ƙafafu, ana jin numfashin wanda ke riƙe da makirufo yana gudu. Baffa ya yi shiru yana gyaɗa kai, sannan ya ce ko da ba ka jin kalmomin, haka sautin taron ɗalibai yake a ko'ina kafin 'yan sanda su iso. Daga nan ya shiga ba ni labarin asusun tallafa wa kudancin Afirka da aka kafa a Najeriya a 1976, wanda ma'aikata da ɗalibai suka zuba kuɗi a ciki, da jawabin Murtala na Addis Ababa a watan Janairun shekarar kan Angola, abubuwan da bai taɓa faɗa mini da irin wannan zafi ba. Mun kai har kiran Magariba.

Na bar gidan ina jin cewa kuɗina bai tafi a banza ba, amma da na zauna rubuta musu saƙon godiya sai takaicin ya dawo. Wanda ya rubuta bayanin kaset ɗin ya jera batutuwa ne bisa yadda suka zo, ba bisa nauyinsu ba, kuma da an saka minti nawa kowane batu ya ɗauka, da na san abin da nake saye. Wannan ba aikin kuɗi mai yawa ba ne, musamman ga wanda ya yi tambaya tun kafin ya biya. Na rubuta musu haka, na kuma haɗa da daidaitaccen rubutun sunan Zariya da na Okeowo, domin a jerin nasu an rubuta na biyun ba daidai ba, wanda hakan ne ya sa bincikena na farko da sunansa bai fito da kaset ɗin ba. Sun amsa da godiya. Na duba jiya, sunan yana nan yadda yake.

Wanda ke nazarin gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, ko adawa da yaƙin Biyetnam, ko yadda aka ji labarin Soweto a ƙetare, zai amfana da rumbun ƙwarai, muddin ya tsaya a kan abin da aka riga aka ɗora. Mai neman tarihin Arewa kuwa, Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna sun fi kusa da buƙatarsa. Darasina na zango mai zuwa na sake masa tsari: zan kunna wa ɗalibai minti biyun nan, sannan in kunna musu muryar Baffa, wadda na koma na naɗa da wayata ranar Asabar, ta kai awa ɗaya da kwata.