Injin taliya na hannu a aikin dubulan da cincin na Sallah

Injin murza taliya na hannu, wanda ake ɗaurewa a bakin tebur ana juya mariƙinsa, an ƙera shi ne domin taliyar Italiya, amma a gidajenmu ya daɗe da samun aiki na biyu bayan taliya 'yar murji. Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, shi ake sauko da shi daga saman kabad domin kayan soye-soyen ƙaramar Sallah. Wanda nake amfani da shi ba shi da wani sanannen suna, yana cikin masu araha da ake shigo da su daga Sin, irin waɗanda ake samu a shagunan kayan kicin na kasuwar Sabon Gari a Kano. Siffarsa kwaikwayo ce ta injunan Italiya irin su Atlas 150 na kamfanin Marcato, wanda aka kafa a 1930: ƙarfe biyu masu murzawa da faɗinsu ya kai santimita 15, da lambobin da ake juyawa domin rage ko ƙara tazarar da ke tsakaninsu, sai bakin yanka guda biyu, mai faɗi da siriri.

A dubulan ne injin ya fi nuna amfaninsa. Kwaɓin dubulan na fulawa da ƙwai da ɗan mai yana da tauri, kuma ana son a murza shi har ya yi laushi da sulɓi kafin a yanka shi, a nannaɗe, a haɗa bakin ya fito kamar fure. Duk wadda ta taɓa yin wannan da kwalba a kan faranti ta san yadda kafaɗu suke ƙarewa tun ba a ci rabin mudu ba. Da injin, ana fara wa daga lamba mafi faɗi, a ninke kwaɓin a sake saka shi har sai ya daina tsagewa a gefe, sannan a riƙa matse lambar ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake samu shi ne kauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma wannan ba maganar ado kaɗai ba ce, domin idan wani ɓangare ya fi wani kauri, siririn zai ƙone a cikin mai alhali mai kaurin bai soyu ba, haka kuma idan aka tsoma shi a ruwan sukari da lemun tsami, wani wuri zai sha ya jiƙe, wani ya zauna a bushe. Dubulan ɗin da aka murza da injin yana fita da launi ɗaya, irin wanda ba a jin kunyar sa shi a garar amarya.

A cincin kuwa sai da sharaɗi. Idan kwaɓin mai ƙarancin bota ne, wanda ake so ya yi ƙaras-ƙaras, bakin yanka mai faɗi yana fitar da shi zare-zare, sai a bi da wuƙa ko almakashi a gutsuttsura. Amma kwaɓin da ya sha bota da madara da sukari yana manne wa ƙarfen yana yagewa, kuma yawan barbaɗa fulawa domin hana mannewa yana baƙanta man suya da wuri. Mai son cincin mai kauri da taushi gara ta tsaya a kan katako da wuƙarta. Alkaki da nakiya ba su da ruwa da wannan injin, aikin hannu ne da turmi.

Aibinsa mafi girma shi ne maɗaurin tebur, wanda yake kwancewa idan kwaɓi ya yi tauri, har sai an sami wani ya danne injin. Mariƙin ma ba ya kamawa a raminsa, ana sakin sa yake faɗuwa ƙasa. A sabon inji akwai baƙin maiko na masana'anta, saboda haka wajibi ne a fara murza ɗan kwaɓin da za a zubar. Ba a wanke shi da ruwa, domin tsatsa tana kama shi ta ciki, sai dai a bar ragowar kwaɓin ya bushe a kakkaɓe da buroshi, a goge da busasshen tsumma.

Ga gidan da ake kwaɓa mudu biyu ko uku, a ajiye wa baƙi a kuma aika wa surukai da maƙwabta, ko ga mai karɓar aikin dubulan na biki, injin ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin a juya shi a shago a tabbatar ƙarfen biyu suna haɗuwa daidai kafin a biya. Wadda gwangwani huɗu na fulawa ya ishe ta cincin ɗin Sallah ba ta buƙatarsa.